Sarewar Yaya Bashiru

Ina saman kwanon gidan wani Alhaji a Bungudu, rana ta take, ina ɗaure farantin sola na huɗu, sai wayata ta hau ruri a aljihu. Ban ɗaga ba. Wa zai ɗaga waya hannu ɗaya da sifana, ɗaya riƙe da faranti, ga kwano yana gasa masa gwiwa? Ta katse ta sake, ta katse ta sake. A kira na huɗu na ce ko ɗan gidan uban wane ne yau sai ya ji bakina. Na zaro na duba, sai na ga Yaya Bashiru.

"Kai Hamidu, abin ga naka ya mutu."

Ko sallama babu. Kuma ka ji wai abin ga nawa. Sati huɗu yana yawo da shi a aljihu yana nuna wa direbobi yana cewa nashi, yau da ya ƙi aiki ya zama nawa.

Yaya Bashiru wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, direban haya tsakanin Gusau da Tsafe. Shekara ashirin da biyu yana busa sigari. Kwana arba'in da ɗaya kafin wannan rana ya yanke jiki ya faɗi a tashar Gusau, yana cikin ɗaure buhun wani fasinja. Matarsa Ladidi ce ta kira ni tana kuka har ban gane muryarta ba. Likita bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce jijiyoyin zuciyarsa sun cushe, wannan karon Allah ya tsare, amma in ya koma wa sigari to kada ya wahalar da kansa da dawowa. A gabana aka faɗa, da kunnena na ji.

Ya bari kuwa. Sai dai kwana huɗun farko mun ga tashin hankali. Ya ci goro har haƙoransa suka rine, ya tauna asuwaki ya zama tsumma, ya sha alewa kamar ɗan yaye, duk a banza. Ya sauke wata tsohuwa a Kwatarkwashi don ta ce ya rage gudu. Ya daka wa Ladidi tsawa a kan gishirin miya, mutumin da tun aurensu ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. A rana ta biyar na same shi a ƙofar gida yana shinshina yatsunsa biyu, na ce a raina wannan gobe zai koma.

Ni na kawo maganar shishar aljihu, irin wadda samari ke zuƙa tana fitar da tururi. Likita bai ce a yi ba, kada wani ya ɗora masa. Ni na ce. Na saya masa ta kanti, kwana biyar ta mutu, kuma wai ba a gyara ta, sai dai a jefar. A jefar! Ni Hamidu da nake haɗa wutar gida guda tun daga faranti har ƙwan fitila, a ce ɗan abin da bai kai yatsa biyu ba ya gagare ni? Na zauna a shagona na fasa matacciyar na ga cikinta. Ba wani abin a zo a gani. Na samo batiri daga tsohuwar kwamfuta, na sa shi a ƙoƙon wata tocila ta ƙarfe, na sayo kan da ake zuba ruwan shishar, na haɗa da maɓalli da waya biyu, ja da baƙa, na like da dalma. Da ya danna tururi ya fito, wallahi sai da na ji kaina ya yi girma.

Direbobi suka sa mata suna sarewar Bashiru. Ni kuma na kafa masa doka uku: kada ya bar ta a rana a gaban mota, kada ya ba kowa ya taɓa, kuma ko sama za ta faɗo kada ya buɗe ta. Ya ce ya ji.

"Yaya kana ina?" na tambaye shi daga saman kwanon.

"Tsafe, cikin tasha. Layi bai zo kaina ba. Tun safe nake dannawa, ko ƙyas."

"Ka yi mata caji?"

"Jiya ta kwana wurin mai caji."

"'Yar fitilar jikinta tana kawowa in ka danna?"

"Ba ta kawo komai. Ina ta ja, iska kawai nake sha."

Na jingine farantin, na zauna a kan kwano mai zafi. Na ce ya kai ta kunne ya girgiza, ya gaya mini ko yana jin wani abu na motsi a ciki. Na san hanyar Tsafe, ramukanta sun isa su ɓalle dalma. In waya ɗaya ce ta saki, aikin minti biyu ne in na sa hannu.

Na ce, "Yaya, ka girgiza?"

"Ai ba ta motsi yanzu."

"Yanzu? Da tana yi?"

"To... na ɗan buɗe."

Na rufe ido. Da ƙanena ne da na zage shi tas har sai wayar ta yi zafi. Amma wa ne, ya goya ni, shi ya kai ni wurin koyon wannan sana'ar da kansa. Sai na haɗiye, na ce cikin ladabin da ban ji a zuciyata ba, "Yaya, me na ce maka game da buɗewa?"

"Ai ba ni kaɗai na ga ya kamata ba. Mas'udu ya ce batirin ne bai taɓa ƙarfe. Ya ce haka rediyonshi ke yi, sai ya cusa 'yar takarda mai ƙyalli ta tokare shi, shi ke nan ta kama."

Mas'udu! Wani direba ne abokin layinsu, mutumin da bai san komai ba sai dai bai taɓa rasa ta cewa ba. Ya taɓa gaya wa Yaya cewa ruwan batirin mota na maganin makero. Wannan shi ne injiniyan da aka samu. Kowa a ƙasar nan ya taso yana ganin ana cusa takarda mai ƙyalli a bayan batirin rediyo ko tocila, to shi ke nan kowa ya zama masani. Ba wanda zai tsaya ya ji cewa batirin rediyo daban, wannan daban. Na rediyo in ka cuce shi mutuwa yake yi salin-alin. Wannan kuwa ramawa yake yi.

"Kun cusa?"

"Mun cusa."

"Wace takarda? Ina kuka same ta?"

Ya yi ɗan tari. "Ta cikin kwalin sigari."

"Kwalin wa?"

"Na Mas'udu mana. Ni ina na ga kwali?"

Ashe nan zancen yake. Ina can ina gasuwa a Bungudu, shi yana zaune a benci ɗaya da mutumin da ya buɗe kwali a gabansa, warin na shiga masa hanci. Na miƙe tsaye a kan kwanon ban ma sani ba. Na ce ya ba ni Mas'udun. Ya ce ba sai ya ba ni ba, ya sa a sifika, kowa na ji. Na ce madalla. Na ce Mas'udu, in kana ji, ka tashi daga kusa da ɗan'uwana, ka je can bayan tasha ka ƙone naka ƙirjin, ba wanda ya hana ka. Na ji ana dariya, wani yana cewa a'a, injiniya ya hau.

Yaya bai yi dariya ba. Ya rage murya ya ce, "Hamidu, bar shi. Sau biyu yana miƙo min kara ina ƙi. Ban sha komai ba tun jiya da la'asar. Hannuna rawa yake yi, ko kofin shayi na kasa riƙewa. Ban san ko zan iya ƙin na uku ba."

Nan fushina ya gauraya da tsoro. Na san wannan muryar, ita ce ta rana ta biyar.

"Yaya ka ba ni awa ɗaya da rabi. Yanzu zan sauko in hau babur."

"Ba ni da awa. Ka gaya min abin da zan yi, ni in yi."

Gyaran wuta ta waya, da mutumin da bai san bambancin filaya da almakashi ba! Amma me zan yi? Na ce ya kwance murfin ƙasa ya zaro takardar nan duka, kada ya bar ko ɓarɓashi. Ya ce ta shige ciki, ta naɗe a gefen batirin. Na ce yaya aka yi ta shige? Ya ce da makullin mota suka tura ta.

"Makulli? Ƙarfe? Yaya kun tura ƙarfe a jikin batirin?"

"To da mi za mu tura, da yatsa?"

Batirin nan yana da 'yar riga ta leda a jikinsa, ita ce ke raba shi da ƙoƙon tocilar. In makulli ya yage ta, ga takarda mai ƙyalli, ga ƙoƙon ƙarfe, ai an gama haɗa masa hanya. Na ce ya kifa ta ya bubbuga a tafinsa batirin ya faɗo. Na ji yana bugawa. Ya ce ya ƙi, takardar ta cije shi. Na ce ya samo tsinken tsire ko na ashana ya sa ya ɗan taɓo. Aka shiga neman tsinke a tashar Tsafe kamar ana neman zinari, ina jin Mas'udu yana cewa ai da allura ta fi. Allura! Na ce wallahi Mas'udu in na zo sai ka gane kurenka.

Alhajin da nake wa aiki ya fito tsakar gida ya ɗaga kai yana kare ido da hannu. "Malam Hamidu lafiya? Da wa kake faɗa a saman ɗakina?" Na ɗaga masa hannu kawai.

Sai Yaya ya ce, "Kai, ta fa ɗau ɗumi."

"Ɗumi kamar yaya?"

"Kamar kofin shayi. Tana ƙaruwa."

A nan ne ya kamata in ce ya jefar da ita. Kalma biyu, jefar da ita, ya wurga ta can cikin kwata a wuce wurin. Na sani, duk wanda ya taɓa aikin batiri ya sani. Ban faɗa ba. Na tuna in ta tafi ba abin da ya rage tsakaninsa da kwalin Mas'udu. Kuma, in faɗi gaskiya, na tuna yinin da na yi ina haɗa ta, da direbobin da za su ce abin Hamidu ya ƙone. Sai na ce a raina wataƙila ba rigar batirin ba ce, wataƙila a sama ne wayoyin suka haɗu, in aka raba su za ta huce.

"Yaya, kwance kan. Za ka ga waya biyu. Tsinke ɗaya, yanzu yanzu!"

"Na gani. Wacce zan tsinke, ja ko ba..."

Ɗif. Sabis ya ɗauke. Kiran bai katse ba, daƙiƙu na ta tafiya a fuskar wayar, amma ba na jin komai sai wani shuuu. Na ɗaga wayar sama, na juya gabas, na taka har ƙarshen kwanon saura kaɗan in zame. Ban san ko yana jina ba, sai na shiga ƙwala amsar da ƙarfina.

"Ja! Yaya, ja! Ja na ce!"

Sabis ya dawo daidai lokacin da zan ji. Wani fuuu mai ƙarfi, sai tas, sai salati daga bakuna da yawa, benci ya kife, wani yana ihu a kawo ruwa. Sannan kiran ya katse.

Ban san yadda na sauko daga tsanin ba. Alhaji na bina yana cewa faranti fa, ba ka ɗaure ba, iska za ta ɗauka. Na ce ta ɗauka. Na buga babur na kama hanya. Na kira Yaya ya fi sau goma ina tuƙi da hannu ɗaya, ba a ɗagawa.

Daga Bungudu zuwa Gusau na zagi Mas'udu. Na zage shi, na zagi rediyonsa, na zagi wanda ya fara koya wa mutane cusa takarda a bayan batiri. A cikin Gusau na zagi masu Keke da suka cushe hanya kamar ubansu ya shimfiɗa ta. Da na fita gari na koma kan masu sabis, mutanen da ba sa ɗauke shi sai lokacin da rai ke hannun Allah. Wajen Kwatarkwashi, ina ganin dutsen, na dawo kan Yaya kansa. Doka uku kacal! Yaro ma aka ba shi uku zai riƙe. An ce kada ka buɗe, ka buɗe. An ce tsinke waya, ko wannan ma ka tsaya tambaya. Jami'an tsaro suka tsayar da ni a shinge biyu, na ba da amsa a daƙile har wani ya ce ko ina da magana ne. Kowa na zaga a hanyar nan, mutum ɗaya na tsallake.

Na isa Tsafe bayan la'asar. Tun daga bakin tasha aka nuna mini wani kemis a baya. Yaya na zaune a benci a ƙofar, da ransa. Sai da na ga haka na yi hamdala. Hannunsa na dama an naɗe shi da bandeji tun daga yatsu har wuyan hannu. Leɓensa na ƙasa ya kumbura ya yi fari, gashin baki ɓari guda ya babbake, gaban rigarsa duk ƙananan huji. Mai kemis ya ce ta ƙasa ta fashe, cikin tafinsa, da ta sama ta bi da yanzu wani zance ake. Ya ce lallai a kai shi asibiti a duba hannun, kuma ba shi ba sitiyari sai bayan wata guda ko fi.

Mas'udu na tsaye a gefe, wai shi mai jimami. Ban yi wata-wata ba na ci kwalarsa na haɗa shi da bango.

"Kai ne! Kai da takardarka! Ka kusa kashe mini ɗan'uwa, munafuki!"

Mutane suka taso suna ɓamɓare hannuna. Shi kuwa ko gezau, ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Takarda tawa ce, ban musa ba. Amma wa ya ce ya kai ta baki? Kai ka ce ya ja."

"Ni? Ƙarya kake!"

"A sifika take, duk mun ji. Tambayi kowa nan."

Na waiga. Mai shayin tasha ya gyaɗa kai. Wani dattijo mai ɗaurin kaya ya ce, "Sau uku ma, ɗana."

Na saki rigar Mas'udu. Na dubi Yaya. Maganar na fita da ƙyar saboda leɓen, sai da na durƙusa kusa da shi.

"Na tambaye ka wacce zan tsinke, ka yi shiru," in ji shi. "Ina taɓa wayoyin sai 'yar fitilar ta kawo. Na ce Hamidu ga ta ta kawo wuta, amma da zafi, in maida kan in ja, ko in bari? Na tambaya sau biyu. Sai na ji ka ce ja. Ja na ce. Har Mas'udu ya ce in dakata ta huce. Na ce a'a, ƙanena ya fi ku sanin abinshi."

Jar waya nake nufi. Na buɗe baki in faɗa, in ce Yaya launi nake nufi, jar waya, amsar tambayarka ta farko nake ba ka. Na ga ba amfani. Ko da ya tsinke jar, ba lallai ta huce ba, ni na sani. Amsar da ta dace tun kafin sabis ya ɗauke na riƙe ta a bakina na ƙi faɗa. Duk zagin da na kwaso tun daga Bungudu ya dawo kaina, ba wanda zan ba. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Mutane suka watse da kaɗan-kaɗan. Mas'udu ya gyara kwalarsa ya tafi ya kawo motar Yaya inuwa. Na zauna a ƙarshen bencin. Na ce bari in samo mota mu tafi Gusau asibiti. Ya ce to, bari ya ɗan huta.

Sai ya sa hannun hagu a aljihun gaban rigarsa ya zaro kara ɗaya. Ban san wanda ya ba shi ba, ban kuma tambaya ba. Ya laluba gefen bakinsa da bai ƙone ba ya maƙala shi. Ya zaro ashana, ya matse kwalin tsakanin gwiwoyinsa, ya ƙyasta da hagu. Tsinken ya karye. Ya sake, ya karye.

"Yaya," na ce, "don girman Allah. Ka tuna abin da likita ya ce. Ka ba ni zuwa gobe, zan sayo maka ta kanti, sabuwa, ba tawa ba."

"Ba abin da zan ƙara kaiwa bakina mai batiri."

"To goro. Bari in karɓo goro. Ka tuna Ladidi, Yaya."

"Na ji maganar likita kwana arba'in da ɗaya," in ji shi, bai ko dube ni ba. "Yau kuma na ji taka."

Tsinke na uku ya kama, amma da ya kawo shi baki sai ya ɗaga hannun daman don ya kare iska kamar yadda ya saba, harshen wutar ya lashi bandejin. Na yi wuf na buge tsinken, na fizge kwalin ashanar daga gwiwarsa. Niyyata in wurga shi saman rumfar kemis. Na ɗaga hannu ma.

Ya juyo ya dube ni. Ba fushi a idonsa, da ma akwai da na fi jin daɗi. Ruwa ne kwance a ciki, ga karan a gefen bakinsa.

"Hamidu, hannun ga ciwo yake min. Ƙyasta min."

Na tsaya da hannu a sama. Ina da bakin yi wa kowa tsawa a Zamfara, amma a wannan bencin ba ni da bakin hana shi komai. Na sauke hannun, na zaro tsinke. Iska ta kashe na farko. Na matsa kusa da shi, na kare da tafina, na ƙyasta na biyu.